Yadda Na Jera Labaraina Bisa Layin Ruwa

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Kuma ba ƙaramin wawa ba, wawa mai furfura, mai tabarau, mai biro biyu a aljihun gaba, wanda ake gaisarwa a hanya ana cewa, "Baba marubuci, barka da hutawa." Wautar yaro a kan yi mata dariya ta wuce. Ta dattijo kuwa sai an nemo motar da za ta kai wani asibiti.

Bokona bai yi nisa ba. Na tsaya ne a daidai inda aka fara lissafin rabawa, ranar da malamin ya ce in raba wani abu gida bakwai, na ce masa a gidanmu in aka raba abu gida bakwai dambe ake yi. Ya ɗauko dorina, ni kuma na ɗauki ƙafata, ni da gwamnati muka rabu baram-baram. Abin da na tsira da shi dai ina iya rubuta Hausa, ko da yake ƙugiyar ƙa da ta ɗa sukan suɓuce mini, in rubuta ƙasa ta koma kasa, mai karatu ya yi ta neman macijin. Sauran rayuwata a cikin taɓo na yi ta, a bakin wani ƙaramin kanal na ban ruwa da ya ɓalle daga babban ya bi ta bayan garinmu, tsakanin Kura da Bunkure. Da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa da alkama.

Wanda bai yi noman rani ba yana zaton ruwa abu ne mai sanyaya zuciya. A wurinmu ruwa layi ne. Ana ɗaga ƙofar ƙarfe daga can sama, gonar farko ta sha, ta biyu ta sha, a yi ta gangarawa har wutsiya, kowa da lokacinsa. Haka dai aka tsara. A aikace kuwa, na sama ya tare hanya da buhun yashi ya ce mantuwa ya yi, na ƙasa ya hau da shebur ya tuna masa. Da idona na ga mutumin da bai daɗe da dawowa daga Makka ba ya danna kan maƙwabcinsa cikin ruwan fangalin tumatir saboda tiyo guda, yana dannawa yana istigfari. Na ga lauje ya yi aikin da ba yankan shinkafa ba. Ni kaina akwai tabo a gadon bayana wanda in sanyi ya sauko yakan gaishe ni.

Da gwiwa ta ƙi ni, yara suka karɓe gonar, sai na koma gindin mangwaron ƙofar gida na fara rubuta waɗannan faɗace-faɗace a matsayin ƙagaggun labarai, gajeru-gajeru, kowanne da kansa da gindinsa. Na kuma yi dabara irin ta manya. Na canja wa kowa suna, na tumɓuke garin na kai shi wata ƙasa da babu ita a taswira, mai tumatir na mai da shi mai kankana, gajere na ƙara masa tsawo, mai sanƙo na dasa masa gashi. Na ce ko uwar da ta haifi mutum ba za ta shaida shi ba.

'Yata ta biyu malamar makaranta ce, tana aure a Bunkure. Ita ce ta zauna da kwamfutarta ta buge rubutun, tana maido mini da ƙugiyoyin da suka zube. Da ta gama ta zo da takardun gida, ta shimfiɗa tabarma.

Ta ce, "To Baba, bugu ya ƙare, saura jeri. Wanne ne farko, wanne ne ƙarshe?"

Na ce, "Jeri kuma? Labari buhun taki ne? Zuba su kawai."

"Ba a zubawa, Baba. Littafi kamar girkin baƙi ne. Ka fara da wanda zai riƙe mutum ya kasa tashi. In ka sa shi kuka, na gaba ya ɗan sa shi dariya ya huta. Dogon ka tura shi tsakiya inda an riga an saki jiki. Na ƙarshe kuwa ya zama wanda zai bi mutum har gida."

Sai ta shiga ɗauke wannan ta kai can, ta jawo wancan ta kawo nan, kamar mai shirya kayan tireda. Ina kallo kaina ya fara juyawa. Ta ɗauki labarin wanda ya gutsure kunnen maƙwabcinsa ta jingina shi da labarin 'yan'uwan da suka yi wa juna aski da lauje. Na ji kamar an sa mini takalmin dama a ƙafar hagu.

Na ce, "Ke, dakata. Ruwa ba ya tsallake gona."

"Wace gona kuma, Baba?"

"Magana ce ta masana, ba za ki gane ba."

Gaskiyar ita ce labaran nan ba a kaina suke ba, a ƙafata suke. Shekara da shekaru ina bin gaɓar kanal ɗin nan kullum safiya, in na zo daidai gonar wane sai faɗansa ya faɗo mini, in na wuce zuwa ta gaba nata ya taso. Haka na haddace su, haka kuma na rubuta su. Saboda haka na rufe ido, na tsaya a ƙofar ƙarfe a cikin zuciyata, na fara gangarowa ina kira tana jerawa. Na kunne. Na buhun yashi. Na wanda aka ɗaure da tiyonsa a jikin bishiyar darbejiya. Na injin ban ruwan da aka cusa wa ƙasa. Na lauje. Ita kuwa baiwar Allah tun tana ƙarama makaranta ta sani, ba ta san gonar wa ke bin ta wa ba, don haka ba ta ga komai ba sai taurin kan tsoho.

Ina cikin gangarowa sai na zo gona ta tara, na tsaya cak. Babu komai a wurin.

Gonar taubashina ce, ɗan ƙanwar mahaifina, manomin albasa. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, ubangida," ya ci gaba da abin da yake yi. A duk layin nan shi kaɗai ne bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. In aka tare masa ruwa sai ya zauna a kan kunya yana jan carbi har mai tarewar ya ji kunya da kansa. Ko tsuntsu in ya sauka a gonarsa roƙonsa yake yi ya tashi. Irin wannan mutum alheri ne ga gari, amma asara ne ga marubuci. Ga gurbi a tsakiyar littafina kamar giɓi a bakin amarya.

A gefen tabarma kuma akwai labari guda da ya rage, wanda ba shi da gona. Dole in yi bayaninsa.

Wasu shekaru da suka wuce an yi wani rani da ruwa ya yi ƙaranci, tumatir yana yaushi a tsaye, kowa idonsa ya yi ja. Akwai wani dattijo da manoma suka naɗa yana ɗaga ƙofar ƙarfe yana saukewa, muna ce masa mai rabon ruwa. Wata rana da tsakar rana, lokacin da kowa ya fake a inuwa, yana sunkuye a kan ƙofar wani ya lallaɓo ta baya ya sara masa bakin shebur a ƙeya. Aka tsince shi rabin fuskarsa a ruwa, jini ya bi kanal har gona ta uku. Bai mutu ba, amma ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana sai dai gurnani. Bai ga wanda ya sare shi ba, kuma har yau ba a sani ba. Yana da 'ya'ya maza uku da suka girma suna juya ubansu a shimfiɗa, yanzu suna dakon buhuna a injinan casar shinkafa na Kura, kowanne wuyansa kamar turmi.

Wannan ma na rubuta shi. Da yake ba a san mai laifin ba, sai na ƙaga shi da kaina. Na yi shi mutum shiru-shiru wanda ba a taɓa jin muryarsa ba, domin labari ya fi daɗi in wanda ba a zata ba ne ya aikata. Na rubuta yadda ya goge shebur da ciyawa, ya wanke hannu a ruwan da jinin ke bi, ya je ya tsaya a sahun gaba. Wallahi da na gama rubuta shi ni kaina sai da na ji tsoron kaina, na ce ashe haka Allah ya yi mini baiwa.

To ga gurbi ba labari, ga labari ba gurbi. Duk wanda ya taɓa dashen shinkafa ya san abin da ake yi. Na ce, "Kawo wancan, dasa shi a nan."

'Yata ta ce, "Haba Baba, ai wannan ya fi duka ƙarfi. A kai shi ƙarshe, shi zai bi mutum gida."

Na ce, "Ni na haife ki ko ke kika haife ni? Gurbi a nan yake."

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta dasa.

Wani mai injin ɗab'i a birni ya buga mana, da bango mai sheƙi da hoton kada, ko da yake babu kada a cikin littafin, ya ce haka ake yi. Na ɗaure kwafin na tura ƙarƙashin gado ina jiran ranar ƙaddamarwa, don na riga na ɗinka babbar riga. Guda ɗaya tak na fitar na ba wani tela da ke da rumfa a bakin hanyar gona, mutum mai murya kamar rediyo. Shi kuma da yake ya san kasuwa, sai ya kulle littafin a aljihun kekensa, ya ce kullum bayan la'asar labari ɗaya zai karanta, mai son ji ya zo.

Ranar farko aka sha dariya. Ta biyu ma haka. A ta uku, ana tsakiyar labarin wanda aka ɗaure a darbejiya, wani dillalin tumatir, mutum mai ido kamar na shaho, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tela, dakata. Shekaranjiya ba wane ba ne, mai gonar bakin ƙofa?" Ya lanƙwashe yatsa. "Jiya wane, na kusa da shi." Ya lanƙwashe wani. "Yau ga wane nan a zaune yana sunkuyar da kai. To wallahi gobe wanda aka cusa wa ƙasa a inji ne. In ba haka ba ku aske mini gemu."

Washegari kuwa sai ga inji. Rumfa ta kaure da ihu. Duk wahalar da na sha ina dasa wa masu sanƙo gashi ta tafi a banza, domin na rufe wa kowa fuska amma na bar shi tsaye a gonarsa.

Kuna zaton na tsorata? Daɗi na ji. Rumfar tela ta koma kamar gidan kallon ƙwallo, har daga ƙauyukan gefe ake zuwa. Mai gonar farko, wanda ya ciji kunne, ya same ni har gida yana huci.

Ya ce, "Malam, ka ci mutuncina."

Na ce, "Subhanallahi, ai ban ambaci sunanka ba."

"Ba wannan ba. Ka rubuta wai rabin kunne na cire. Duka na cire! Ga mai kunnen can da ransa, je ka ɗaga hularsa ka gani."

Na yi masa alkawarin gyara a bugu na biyu. Ɗaya daga cikin 'yan'uwan lauje kuma ya zo ya ɗaga kujerata ya raɗa ta da mangwaro, ƙafafunta suka watse, ya ce saura ƙafafuna. Wannan ma na ɗauke shi a cikin ɗaukaka, don na ji an ce babu babban marubucin da ba a yi wa barazana ba. A duk kwanakin nan, ni da nake da yatsu goma lafiyayyu, bai taɓa faɗo mini in lanƙwasa su in ga inda layin zai kai ba. Na ce muku a rabawa na tsaya, ashe ƙidayar ma ban ƙware ba.

Ranar labari na tara na saka farar riga na je da kaina, aka ba ni benci na gaba. Tela ya gyara murya ya fara. Ya karanta zafin ranar, ya karanta dattijon da ke sunkuye a kan ƙofa, ya karanta inuwar da ta lallaɓo. Ina lumshe ido ina gyaɗa kai, ina jiran a ce kai, tsohon nan ya iya. Sai na lura ba a dariya, ba a ko tari. Na buɗe ido. Dillalin nan ya ɗaga hannuwansa biyu a gaban fuskarsa, yatsu takwas a lanƙwashe, yana kallon na taran kamar kunama ce ta hau shi. Wani daga baya ya ce a hankali, "Mai albasa."

Na waiwaya. A bakin rumfar 'ya'yan mai rabon ruwa ne tsaye su uku, ɓuntun shinkafa a gashinsu, daga wurin aiki suke. Tela ya kai inda mutumin ke goge shebur da ciyawa, sai ya rufe littafin.

Na miƙe na ce, "Jama'a, wannan ƙage ne! Ni na ƙaga shi! Gurbi na cike!"

Babban cikinsu ya dube ni, ba tare da ɗaga murya ba ya ce, "Baba, takwas gaskiya, na tara ƙage?"

Suka juya. Ba gudu suke yi ba, tafiya suke irin ta wanda ya san inda za shi. Na ƙarshensu ya zari wani faskaren itace daga wurin mai shayi.

Na yunƙura gwiwa ta ce ba da ni ba. Kafin in samu ɗan acaba, kafin in ɗaga ƙafa in haye, sun yi nisa. Muka hau gaɓar kanal babur yana tsalle, ina wuce gonakin ɗaya bayan ɗaya kamar ana buɗe mini shafukan littafina, ina ta kiran sunan Allah. Daga gona ta shida na fara jin ƙarar. Wanda ya taɓa jin ana bugun damin shinkafa a jikin ganga ya san irin ƙarar da nake nufi.

Sun sami taubashina a sunkuye yana gyara tiyo a fangalin albasa, kamar yadda aka sami ubansu. An ce da ya ga inuwarsu ya ɗago yana cewa, "Samari, sannunku da aiki." Faskaren ya same shi a baki kafin ya rufe shi. Lokacin da na iso yana kwance a cikin taɓo, ɗaya ya take masa hannu, ɗaya yana zuba masa ƙafa a haƙarƙari, babban kuma ya ɗauki shebur ɗin taubashin nawa yana juya shi don bakin ya kalli ƙasa. Albasa ta tumurmushe, warinta ya gauraye da na jini, ruwan fangali ya koma kamar zoɓo. Shi kuwa ko kare kansa ba ya yi, tambaya kawai yake da bakin da ya fashe, "Me na yi? Me na yi?"

Na diro daga babur na faɗi, na rarrafa na rungume ƙafar babban ina cewa, "Ni ne! Ni na rubuta! Ni za ku kashe!" Na ɗauka wannan magana za ta girgiza shi, don a cikin labari takan yi aiki. Ya sunkuyo ya ɗauke ni da hannu ɗaya kamar rabin buhu, ya wurga ni cikin kanal. Na sha ruwan da ba layina ba ne, tabarau ya tafi, hula ta kama hanyar wutsiya, farar riga ta koma ta masu kwaɓa. Da na ɗago kai na ga shebur a sama.

Wanda ya ceci taubashina ba ni ba ne. Mai gonar farko ne, wanda ya biyo mu a guje tare da sauran mutanen rumfa. Ya daka tsalle ya haye bayan babban, ya maƙale masa wuya, ya kafa bakinsa a gefen kansa yana cewa, "Saki shebur ɗin nan ko in ci kunnenka! Ka dai ji labarina!" Yaron ya ji labarinsa, ya saki. Aka taru aka danne sauran biyun, aka yi ta kokawa a cikin albasa har sai da babu sauran fangali guda a tsaye. Matar taubashina ta iso ba mayafi, ta faɗa a kansa tana kururuwa. Aka ciccibe shi aka saka a bayan motar ɗaukar tumatir, aka nufi Kura. Ni kuwa sai da aka gama da mai rai a hannun Allah sannan wani ya tuna akwai marubuci a cikin kanal.

Haƙarƙari ya karye, hannu ya karye, an ɗinke leɓe, haƙoran gaba sama da ƙasa sun tafi. Amma ya rayu.

A ƙofar dagaci aka yi zama. Na yi alwala, na dafa Alƙur'ani, na rantse cewa mutumin da ke cikin labarin nan daga kaina ya fito, ban san wanda ya sari mai rabon ruwa ba, kuma na sa labarin a nan ne don gonar ba ta da nata. Dagaci ya sa na maimaita wannan na ƙarshen, ya ce bai gane ba. Na maimaita. Sai ya ce, "Wato laifinsa shi ne bai taɓa yin faɗa ba." Yaran nan uku suka durƙusa suka yi kuka, babban ya ce shekaru yana kwana yana tashi da fuskar da bai sani ba, sai ga shi an ba shi fuska. Taubashina ya aiko daga gadon asibiti cewa ya yafe, kada a kai kowa gaban hukuma. Wannan ma sai ya zama abin magana.

Domin ku san mutanenmu. Rantsuwa a kan ji ta sau ɗaya, labari kuwa a kan maimaita shi. Aka fara cewa ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa ya yafe da wuri haka? Tsohon nan taubashinsa ne, wa ya fi shi sanin cikinsa? Watakila ya faɗi gaskiya ne a rubuce, da ya ga jini ya janye. Da aka sallamo shi ya fara lallaɓawa masallaci, sai aka ga wanda ke gefensa a sahu yana ɗan matsawa. Dillalan da suke rububin albasarsa suka koma wucewa ta gona ta goma. Mutumin da ya shekara sittin yana tara suna guda, na zo na ɗora masa wani da biro.

'Yata ta zo ta ce, "Baba, a fito da littattafan nan daga ƙarƙashin gado a cinna musu wuta."

Na ce, "Wuta? Ai ba labaran ne suka yi laifi ba, jerin ne. Ke da bakinki kika ce jeri ilimi ne."

Ta ce, "Yanzu ka yarda?"

Na ce, "Ban yarda ba, na dai gano da kaina."

Na zauna a gindin mangwaro, a kan tabarma tunda kujera ta riga mu gidan gaskiya, na yayyanka kwali na rubuta kan kowane labari, na yi ta juya su. Na kai lauje farko don ya riƙe mutum. Na sa kunne a bayansa don a huta, har na cika masa kunnen duka. Dogon na tura shi tsakiya. Na hargitsa layin yadda ko dillalin nan zai karya yatsunsa bai gano komai ba. Labarin mai rabon ruwa kuwa na kai shi can ƙarshe, inda babu gonar kowa. A gurbi na tara na yi niyyar rubuta sabo, labarin wani bawan Allah mai haƙuri wanda tsuntsaye ke jin maganarsa, don in wanke taubashina tas. Da na dubi abin a shimfiɗe sai na ji ƙwalla, na ce wannan ba gyara ba ne kawai, sadaka ce.

Na tattara kwalayena na tafi gidansa da hantsi. Na yi sallama, matarsa ta amsa daga ciki ba tare da ta ce in shigo ba, na shiga, ai gidan bawana ne. Yana zaune a rumfa, hannu a saƙale a wuya, tana ba shi kunu da cokali saboda baki ba ya karɓar tuwo. Ya rame, leɓensa ya shige ciki kamar na tsohuwa.

Na ce, "Bawana, ya jiki?"

Ya motsa baki, iska ta fito ta giɓin, na dai gane "ranka ya daɗe" yake son cewa. Ya ma yi ƙoƙarin matsa mini a tabarma.

Na zauna na baje kwalaye a gabansu. Na yi bayani dalla-dalla, yadda ake fara littafi da abin da zai riƙe mutum, yadda ake sa dariya bayan kuka, yadda dogo ke zama a tsakiya. Na nuna musu inda labarin sara yake a da, na ɗauke shi a gaban idonsu na kai shi ƙarshe, na ce, "Kun gani? Ya bar gonarka. Da an sake bugawa shi ke nan, komai ya koma mazauninsa. Abin duk jeri ne. In mutum ya iya jeri, babu ɓarnar da ba ta gyaruwa."

Matar ta miƙe. Ta ajiye kwanon kunu, ta shiga ɗaki, ta fito da wani ɗan ƙullin tsumma. Ta durƙusa a gabana kamar mai kawo goro, ta kwance shi a kan kwalayena. Haƙora ne, wasu da saiwarsu, har da sauran taɓon fangali a jiki. Ashe washegarin abin ta koma gonar ta tsince su ɗaya-ɗaya.

Ta ce, "Ga su nan, ubangida. Tunda ka iya jeri, buɗe bakinsa ka fara da waɗannan."